Na'urar Ƙarshen Rami

Rana ta gama faɗuwa, masu kiran salla sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Maigidan yana bakin ƙofa yana canza ƙwan fitila. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana rub da ciki a kan kafet tana aikin makaranta. Uwarta kuwa, wadda kowa ke kira Dakta, tana teburin cin abinci da ta daɗe da mayar da shi ofis, ta tasa kwamfuta a gaba.

Aikinta binciken kimiyya ne. A wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, nesa da gari, ita da abokan aikinta sun jera na'urori masu jin wucewar wasu ƙananan ƙwayoyi da ke zubowa daga sararin sama, waɗanda ido ba ya gani. Ita ta rubuta manhajar da ke tattaro abin da na'urorin suka ji. Gunduwa-gunduwa ta gina ta: kowace na'ura da nata ɓangaren, kowane ɓangare yana aika labari nan take ga masu bincike a garuruwa daban-daban. A makon nan aka kunna wata sabuwa, can ƙarshen ramin inda babu iska babu motsi, kuma ita ce ta fi kowace kawo labari mai kyau. Maigidan yakan tsokane ta, ya ce shi dai ya auri mai gadin rami.

Layin sabuwar na'urar ya yi tsalle a fuskar kwamfuta. A daidai lokacin wani abu ya faɗo kan kwanon rufi.

Duk suka ɗaga kai suka dubi rufin. Layin ya sake tsalle, dutse ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali har ya dira a tsakar gida. Maigidan ya fita da tocila yana faɗa da yaran unguwa, bai ga kowa ba. Ya dawo da dutsen a hannu. Baƙi ne, jiƙaƙƙe, da sanyi kamar an ciro shi daga firij, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba. Dakta ta shinshina shi, ta ajiye. Ta san warin, na ramin ne.

Haka aka ci gaba, kullum da magariba. Auta ta daina barci. Takan zauna a lungun ɗaki ta toshe kunnuwa da tafin hannu, idan aka tambaye ta sai ta ce ana saurarenta. An kai ta asibiti, aka auna duk abin da ake aunawa, aka sallamo su da maganin barci wanda bai yi komai ba. Ranar da ta kalli uwarta ta kira ta da "ke mai kunne", da wata murya mai kauri kamar ta tsohuwa, ranar maigidan ya sa takalmi ya tafi ya ɗauko Malam.

Malam dattijo ne mai sanyin magana. Ya zauna a ƙasa kusa da yarinyar, ya ce a bar kwamfutar a kunne, sannan ya fara karatu. An jima gida shiru, sai muryarsa da ƙarar duwatsu a kan rufi. Can Auta ta miƙe zaune, ta naɗe ƙafafu, ta kafe uwarta da ido.

Malam ya tambayi mai muryar ko wace ce, da abin da yarinya ta yi mata. Muryar ta ce yarinya ba ta yi komai ba, amma ta nan ne kawai uwar za ta ji zafi.

"Mun bar muku kasuwanni, mun bar muku tituna da fitilu. Muka gangara inda ba a jin komai. Sai ta biyo mu ta ajiye kunne a kan shimfiɗata. Kunnen ba ya barci, kuma duk abin da ya ji sai ya kai wa mutanen nesa kafin in rufe baki. Jikokina sun daina magana."

Ta ce a kwashe na'urorin duka. Dakta ta ce aikin ba nata ba ne ita kaɗai, guminsu ne na shekaru, ita da mutane da yawa. Jikin Auta ya sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya. Malam ya ɗaga murya da karatu har muryar ta yi kururuwa ta nemi ya sassauta. Ya tuna mata cewa zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba haramun ne gare ta kamar yadda yake ga 'yan Adam. Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe ta ce na'urorin da ke sama-sama ba su dame ta ba, ta ƙarshen ramin kawai take so, kuma yanzu.

"Za ki iya, 'yata?" in ji Malam.

Za ta iya, domin da ma haka ta gina abin, a cire gunduwa ɗaya sauran su ci gaba. Amma wannan na'urar ce take sa ran za ta fitar da sakamakon da suka daɗe suna jira. Ta dubi wuyan 'yarta, ta ja kwamfutar, ta kashe ɓangaren. Ta yi alkawarin za a ciro ƙarfen ma kansa.

Malam ya sa muryar ta rantse ba za ta dawo ba. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a cinyar ubanta. Kafin a idar da addu'a barci ya ɗauke ta.

Dakta ta gaya wa shugaban aikin cewa laima tana ɓata na'urar. Ya yi ta faɗa, amma ya yarda a tura ma'aikata. Da hantsi babbansu ya kira ta a waya, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce sun tarar da ƙofar ramin a kulle yadda suka bar ta. Da suka buɗe, na'urar tana nan bayan ƙofa, an kwance ta tsaf, an naɗe wayoyinta, an jera kusoshin a kanta.

"Dakta, wa kika aiko kafin mu?"

Ta ce su ɗauko ta kawai, su kulle ƙofar, kuma kada kowa ya yi magana da ƙarfi.