Baƙuwa a Bakin Ƙofa

Wai a wani zamani an yi wata yarinya mai garaje, kakanta na koya mata busa sarewa don kiran tumaki gida. Ya ce mata, "Muryoyin nan hawa suke kamar matakala. Ta bakwai ba ta zama ita kaɗai, sai ta takwas ta karɓe ta."

Ran nan hadari ya haɗo. Ta busa, ta hau, ta hau, da ta kai ta bakwai sai ta ajiye sarewar don sauri. Tumaki suka zo bakin shinge suka tsaya cik, kunnuwa a miƙe. Ta kora, sun ƙi. Ta daka tsawa, sun ƙi.

Kakan ya yi dariya ya ce, "Haba amaryata, kin bar baƙuwa a bakin ƙofa!"

Ta ɗauki sarewa ta busa ta takwas. Tumaki suka shige, sannan ruwa ya kece.