Numfashi Ɗaya

Kalmar farko da Zulhilmi ya faɗa wa Marsya ita ce, "Shhh."

A kan gadar katako ne, wadda ta ratsa kurmin bakin teku kusa da ƙauyensu. Ta rako mahaifinta, Pak Rosli, yawon da likita ya ɗora masa, tana ta zuba a waya. Ta juyo za ta wanke mai shishshigi tas, sai ya miƙa mata madubin hangen nesa. Can cikin taɓo wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ƙananan tsuntsaye na ta guje-guje kewaye da shi.

"Daga ƙasar ƙanƙara suka zo," ya ce cikin raɗa. "A gajiye suke."

Asabar ta zagayo, Marsya ta dawo ba tare da tsohon ba.

Daga nan saƙonni suka fara, yana kiran ta Sayang, wato masoyiya, tana kiran sa Abang, wato yaya: "Sayang, ruwa zai cika ƙarfe biyar, tsuntsaye za su matso. Ke fa?" Ta amsa: "Abang, ni ba tsuntsuwa ba ce. Amma ina tafe."

Shekara shida Zulhilmi yana gadin tsuntsaye, muryarsa ta koma kamar ta mai jinya. Da maganar aure ta taso, abin da Pak Rosli ya riƙe ke nan.

"Marsya, a garin nan ango da bakinsa yake karɓar aure, da numfashi ɗaya, shaidu su ji. Wannan ko sauro ya fi shi amo. Ga Fairuz mai sayar da motoci, in ya yi sallama har masallaci ana ji."

"Ayah," ta ce wa baban nata, "shi ya sa ba na son sa."

Tsohon ya sassauta, amma da sharaɗi: sau uku kawai ango zai gwada. In shaidu ba su gamsu ba, zai janye hannunsa.

Marsya ta tsorata ƙwarai. Ta ja Zulhilmi saman hasumiyar kallo ta ce ya gwada kalmomin karɓar auren da ƙarfi. Ya leƙa tsuntsayen da ke ƙasa, ya girgiza kai.

"Za su tashi, Sayang."

"Su tashi mana! Ni za ka rasa!"

Bawan Allah sai da ya jira ruwa ya janye, tsuntsaye suka yi nisa, sannan ya buɗe baki. Haka suka yi wata guda.

Ranar ɗaurin aure, Pak Rosli ya kama hannun Zulhilmi, ya faɗi kalmomin ba da aure, ya girgiza hannun alamar ya amsa. Zulhilmi ya karɓa sarai, amma Pak Long, yayan tsohon kuma shaida, ya kama kunne ya ce, "Ya fara ne?" Aka kwashe da dariya. Karo na biyu numfashi ya tsinke masa wajen ambaton sadaki. Bayan labule Marsya ta damƙe hannun mahaifiyarta, hawaye na ɓata mata kwalliya.

Pak Rosli ya dubi gumin da ke zuba a goshin yaron. Ya matso, ya rage murya.

"Ɗana, ni sau huɗu na yi. Ja numfashi."

Zulhilmi ya ja. Muryar da ta fito har masu dafa shinkafa a waje sai da suka waigo.

"Ya ɗauru!" in ji Pak Long. "Kai, a hankali, ba kurma ba ne ni!"

Marsya ta saki ajiyar zuciya, tana kuka tana dariya. Pak Rosli bai saki hannun ba har aka shafa fatiha.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ka riƙe min ita."