Ɗakin Kajin Auta

Ranar da sabon likitan dabbobi ya fara shigowa gonar kajin babanta, Auta na durƙushe tana tsince waɗanda zafi ya kashe. Gumi har cikin ido, ƙaiƙayi a ɗankwali. A haka fa bawan Allah ya tsaya ya saki baki!

"Malam, kaji ka zo dubawa ko ni?"

"Kaji aka kira ni in duba. Sauran kuma ikon Allah ne."

Daga nan waya ba ta ƙara hutawa ba. Cikin hira ya gaya mata cewa in aka ƙara wa 'yan tsaki zafi na yini guda tun suna ƙanana, jikinsu kan koyi haɗa wani furotin da ke kare tsoka da hanji. In sun girma, sun fi jure rana.

"Autata, kada ki gwada sai Baba ya yarda," ya rubuto mata.

"Doktana, na gaji da binne kaji."

Ta kuwa gwada a ɗaki ɗaya, ta kunna hitar ɗumama kaji, ma'aunin zafi a hannu, ruwa cike da mazubai. Sai ga mai kawo musu abincin kaji, wanda ya daɗe yana sonta tana share shi. Ya leƙa ya ga 'yan tsaki suna haki, ko buhu bai sauke ba ya garzaya wurin Baba.

"Alhaji, likitan nan zai gasa maka kaji da ransu!"

Baba ya yi ta faɗa kamar zai ari baki. "Wanda bai ji tausayin ɗan tsako ba zan ba 'yata? Kada in sake ganin ƙafarsa a nan!"

"Baba, ni na kunna hitar. Shi hana ni ya yi."

"Kare shi kike yi!"

"To a bari su girma. In ɗakina ya fi sauran asara, na haƙura da shi."

Da Dokta ya ji, saƙonsa ya shigo: "Yanzu aurenmu kika damƙa wa kaji?"

"Kajin da na raina da hannuna. Kwantar da hankalinka, masoyi."

Ta dai rubuta, amma ranar abinci bai wuce mata ba, don tana sonsa sosai.

Ana gab da kwashe kajin zuwa kasuwa rana ta buɗe wuta. Aka ɗauke lantarki, janareta ya ƙi tashi, fankoki suka tsaya cak. Da la'asar Baba ya bi ɗaki-ɗaki da baro, yana lodin matattun kaji yana salati. A ɗakin Auta kajin sun saki fiffike suna haki, amma suna miƙewa su sha ruwa. Matattun ko bokiti ba su cika ba.

Baba ya ajiye baron. "Kira min shi."

Dokta ya zo ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Hannunka ba zai iya wannan taurin kai ba, na gane aikinta ne," in ji Baba. "Ka sha zagina ba ka tona ta ba. Turo iyayenka. Amma ka sani tun yau, ba ta jin bari."

"Na riga na gani, Baba."

Auta ta rufe fuska da mayafi, dariya na cinta.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana."

"Amin!" in ji Dokta, da ƙarfin da ya fi na kowa.