Lakar Fao

Magariba ta kawo jiki a garin Abul Khasib, inuwar dabinai ta rufe tsakar gida. Ummu Ra'ad ta tsaya bakin ƙofa, kamar yadda ta saba tun shekarar da ɗanta Ra'ad ya tafi yaƙin Fao, can bakin teku, ba gawa, ba labari. Ta kira sunansa a hankali, ta juyo.

Ran nan aka amsa mata.

Curin laka ya faɗo cikin tiren shayi, ɗanye, mai warin gishiri. Wani ya biyo shi. Aka duba kan katanga, ba kowa. Haka aka yi ta fama duk faɗuwar rana, har yammacin da Rabab, 'yar da Ra'ad ya bari tana cikin uwarta, ta saki cokali ta miƙe ƙiƙam. Muryar da ta fito daga bakinta kamar daga ƙasan rijiya.

"Tsohuwa, ki daina kiransa."

Aka ɗauko Sayyid Abdul-Zahra, malamin unguwa. Ya daɗe yana karatu a kanta, har turare ya cinye. Sannan ya ce, "Kai wane ne?"

"Mai ramin da Ra'ad ya faɗa. Gidana ne tun kafin a dasa dabinonku."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi ba. Ni na rufe shi da hannuna. Amma duk sanda tsohuwar nan ta kira, sai ya motsa. Ya gaji, malam. Ni ma na gaji."

"Ka fita, ko in ƙona ka."

"Ƙona ni, gobe ma ta kira shi. Ku rataya baƙin ƙyalle a bango, ku yi masa zaman Fatiha kamar kowane mamaci. Sai in tafi."

Sayyid ya dubi tsohuwa. "Hajiya, ke ake jira."

Ta matso da rarrafe, ta riƙe ƙafar jikarta. "Ya sha wuya?"

Muryar ta sake fitowa daga bakin Rabab.

"Ƙishirwa ce. Ya roƙe ni ruwa, ni kuwa ruwana na gishiri ne."

Ummu Ra'ad ta sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙan ɗana," ta ce. Ba ta taɓa faɗar haka ba.

Rabab ta sulale ƙasa. Da ta farfaɗo, leɓunanta duk sun tsage, ta ce, "Kaka, ruwa." Tsohuwa ta riƙe mata kofi, tana cikawa tana ƙarawa, ba ta bari kowa ya karɓa ba.