Mutum Arba'in da Uku na Gbadna

Ranar Lahadi ce, rana ta yi ja, Jiya ya tari keke napep a unguwar Fadikpe ta Minna zai koma jami'a. Abu ɗaya ya kai shi: fayil ɗin binciken Dakta Hadassah. Washegari da safe za ta tsaya gaban manyan malamai ta gabatar da shi, shi kuma ya manta bai tura mata ba.

Jiya shi ne mai kwamfutar sashen nazarin zamantakewa. Duk malamin da ya tara amsoshin mutum dubu ya rasa yadda zai yi da su, ɗakinsa yake zuwa. Shi ke koya wa na'ura ta karanta, ta ware, ta nuna inda amsoshin suka karkata. Ya iya aikin, wannan babu musu. Abin haushin, ya san ya iya. Farfesa mai furfura zai shigo, Jiya ya bar shi a tsaye yana ta danne-danne kamar bai ga mutum ba.

Binciken Dakta kan manoman da ambaliya ta tayar ne, ƙauyuka goma sha biyu. Josiah, wanda aka aika ya yi wa mutane tambayoyi, ya dawo da goma sha ɗaya. Na ƙarshen, Gbadna, ya je ya tarar babu kowa. Bangaye a zube, turame a kife, mutane sun watse. Tsoron kada a ce bai je ba ya sa ya lallaɓo wurin Jiya yana sosa ƙeya.

"Wannan ne ya hana ka barci?" in ji Jiya. "Zauna ka ga aiki."

Ya ba na'ura amsoshin ƙauyuka goma sha ɗayan ta haddace, ya ce ta haifo masa mutanen Gbadna. Kafin shayinsa ya huce ta haifo arba'in da uku, kowa da shekarunsa, da 'ya'yansa, da gonar doyar da ruwa ya ci. Har gurbin farko na fom, inda ake tambayar mutum ko ya yarda a rubuta maganarsa, ta cike. Eh, eh, eh, har ƙasa. A sauran ƙauyukan kowa eh ya ce, to me kuke so ta rubuta? Haka ya saita ta: duk gurbin da ta gani a buɗe, ta cike shi. Dakta ba ta san komai ba.

A bakin ginin ya tarar da Baba Shekwolo mai gadi yana gyara rediyo.

"Oga Jiya, ka bar baƙinka ya daɗe."

"Baƙi ranar Lahadi? Baba, yau ma ka taɓa giyar nan ke nan."

"Ni na daina tun Ista. Mutanen ƙauye ne. Na ce su zauna a benci, tsohuwa ya ce a'a, su an riga an rubuta su a ciki."

Jiya ya yi tsaki ya wuce.

Babu wuta a ginin. Daga nesa ana kiran sallar magariba. Ya kunna fitilar waya ya bi barandar, sai wari ya tare shi, warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa, irin na bakin kogi. Mako uku ba a yi ruwa a Minna ba.

Ya haska ƙasa. Sawayen ƙafa ne jiƙaƙƙu, babu takalmi, manya da ƙanana. Duka sun nufi ƙofarsa.

Kwaɗonsa yana nan a kulle.

A ciki kuma fankar kwamfuta na juyawa. Da hannunsa ya kashe ta ranar Juma'a.

Mai hankali a nan zai juya. Amma fayil na ciki, kuma Jiya bai saba juyawa ba. Ya buɗe ya shiga.

Allon kwamfutar na haske, shafin Gbadna a buɗe. Ido bai ga kowa ba, amma ɗakin cike yake. Ya ji ɗumin jikin mutane. Ya ji numfashi. Can kusurwa jariri ya yi tari, wata ta bubbuga masa baya.

Ƙofar ta rufe a hankali.

"Ɗana," murya ta ce a bayan kunnensa, ƙasa-ƙasa, muryar tsohuwa. "Ni ce lamba ɗaya?"

Ya waiwaya, bai ga kowa ba.

"Ka ce ina da 'ya'ya biyar. Tunda ka rubuta nake nemansu. Ina ka ajiye mini su?"

Wani abu mai sanyi ya taɓa ƙafarsa. Ruwa ne. Ya shiga takalminsa.

"Da mutane suka tashi, mu muka zauna a Gbadna. Ba mu dami kowa ba. Wanda kuka aiko ko sallama bai yi mana ba. Sai ga shi an ba mu shekaru, an ba mu gonaki, an sa mana magana a baki. Yaushe ka tambaye ni na ce eh?"

A kan allo, eh na layin farko ya goge. Na biyu ya bi shi. Na uku. Kowanne ya goge sai wani ya ja numfashi a ɗakin.

Ruwa ya kai idon sawu.

Layi na arba'in da huɗu ya buɗe da kansa. Suna: Jiya. Shekaru: talatin da huɗu. Ƙauye: Gbadna.

Gurbin farko babu komai.

"Mu muna tambaya kafin mu rubuta mutum," in ji tsohuwar. "Ka yarda ka zo ka zauna da mu?"

Sai ya tuna yadda ya saita na'urar.

Ya fizge wayar wutar kwamfutar daga bango. Allon bai mutu ba.

Harafin E ya fito.

Hannaye masu sanyi suka kama rigarsa ta baya, ba da ƙarfi ba, kamar masu jiran a tashi tafiya.

"Ban yarda ba," ya ce, muryarsa kamar ta wani. "Mama, ban yarda ba. Ƙarya na yi. Ban tambayi kowa ba. Ni na sa na'urar ta rubuta."

Ya faɗa kan madannan, ya goge harafin, ya rubuta a'a. Ya ja layuka arba'in da ukun ya share su.

Hannayen suka sake shi.

Bai san yadda ya buɗe ƙofar ba. Ya dai ga kansa a waje, takalmi ɗaya, wando jiƙe har gwiwa, Baba Shekwolo na kallonsa.

"Sun tafi ta baya," in ji Baban. "Ba su gaishe ka ba?"

Haka ya je Sabon Gari, gidan Dakta Hadassah, ya tarar suna cin abinci. A tsaye, gaban mijinta da 'ya'yanta, ya faɗi abin da ya yi wa bincikenta. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Cokali kawai ta ajiye.

"Da sunana za a karanta shi, Jiya," ta ce. "Shekara uku nake yi wa mutanen nan aiki."

Da safe ta gabatar da ƙauyuka goma sha ɗaya. Da aka tambayi na sha biyu, ta ce Malam Jiya zai yi bayani da bakinsa. Ya tashi ya yi, gaban ɗalibai da farfesoshi, idonsa a kan siminti. Babu wanda ya yi dariya. Wata ɗaliba ma sunkuyar da kai ta yi don kada ta gan shi a haka.

Ba a kore shi ba, an dai sa wani yana duba duk abin da ya fitar. Maganar tsohuwar bai faɗa wa kwamitin da ya bincike shi ba.

Amma har yau, duk fayil ɗin da ya buɗe, ko na waye, akwai layi ɗaya a can ƙasa da sunansa a kai, gurbin farko a buɗe. Kafin ya taɓa komai, kafin ma ya zauna, sai ya rubuta a'a. Da sauri yake yi, don shi ya koya wa na'urar, ya san ba ta jira.