Ƙanin Mijina Da Na Haifa

"Ka cire sunansa, Sanjar! Don girman Allah ka cire!"

Mijina ya tsaya a ƙofar kicin riƙe da takardar sunayen 'yan wasan da za su shiga fili da yamma. Ƙarfe biyu zai miƙa ta.

"Makpal, likita ya duba shi, ya ce ƙalau yake..."

"Likita! Ni za ka kawo wa zancen likita? Wa ya zauna a teburin nan yana ba da labarin wayon da kuke yi? Ku amsa gwajin ƙwaƙwalwa na farkon shekara kamar dolaye, don in an buge ku a ka daga baya a ga kamar ba abin da ya canja. Ana ta dariya, Nurtas kuwa ya kasa kunne!"

 Hannunsa na hagu ya soma rawar nan tasa, ya yi maza ya cusa shi a aljihu.

Shekara goma sha huɗu Sanjar ya yi yana buga hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, duk gabashin Kazakhstan ba wanda bai san lambar rigarsa ba. Sau biyar ana fito da shi daga fili bai san inda kansa yake ba. Da ya ajiye sanda ya zama manajan kulob ɗin garinmu, har sadaka na yi, na ce na huta da fargaba. Ashe da sauran aiki.

Nurtas ɗan cikina ne. Yana da wata takwas muka miƙa shi ga iyayen Sanjar, kamar yadda ake yi da jikan fari, ya zama autansu. Yana ce wa ubansa Aga, wato yaya, ni kuma Jenge, matar yaya. Ya san gaskiya, kowa ma ya sani, amma ba a faɗa. Shekaranjiya aka maka kansa da katangar fili ina kallo, na ga yadda ya tashi yana laluben sandarsa.

"Ata ne ke da iko da shi," in ji Sanjar a hankali, yana nufin mahaifinsa. "Kin san ba ni da bakin magana, raina."

"A takardar nan fa? Ita ma ta Ata ce?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Duk ranar wasa a gidan Ata, surukina, muke shan shayin rana. Tun rasuwar matarsa ni ke zuba shayin. Tsohon ya hakimce a mazaunin manya a bakin tebur ya sha rigar kulob, sai fara'a yake. Shi ne fa yake kwarara ruwa a tsakar gida ya daskare, a nan ya koya wa Sanjar da Nurtas tsayuwa a kan ƙanƙara.

"Yau autana zai nuna musu!" ya ce. "Wasa ɗaya ya rage mu ɗau kofi. Ci, yaro, ci nama!"

Nurtas ya zauna ya juya wa taga baya. Haka Sanjar yake gudun haske a wancan lokaci.

Na zuba shayi da madara na miƙa masa. Ya kawo hannu... ya damƙi iska, gefen kwanon. Ya sake kawowa, shayi ya zube a kan tebur.

"Santsi ne da kwanon nan, Jenge," ya faɗa yana yaƙe.

 Suruka ba ta ɗaga murya a gaban Ata, sai na kalli mijina kawai, hawaye na zuba.

Sanjar ya zaro takardar, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya ja layi a kan sunan.

"Aga! Me ka yi?" Nurtas ya miƙe zumbur, sai ya dafa bango.

"Ba za ka buga ba."

"Masu neman 'yan wasa za su zo daga babban birni! Ka san shekara nawa nake jiran yau?"

Ata ya dire kwanonsa. "Wa ya ba ka iko a kan ɗana? Manajancinka a ofis yake, ba a gidana ba. Kai sau nawa ka buga da fasasshen kai? Ga ka nan garau!"

"Ba garau nake ba, Ata."

Ya fito da hannun daga aljihu ya aza a kan tebur. Cokula suka shiga ƙara saboda rawar da yake yi.

"Ran Talata na shigo gida, matata ta tare ni a ƙofa. Shekara ashirin da ɗaya muna tare. Na dube ta, na nemi sunanta sama da ƙasa... na rasa. Sai da na je na duba a waya."

Wayyo Allah! Ran Talatar nan wuni ya yi yana kirana raina, raina, ni kuma wawiya ina ta jin daɗi, na ɗauka soyayya ce ta motsa.

"Ka raine shi, Ata, ba zan taɓa iya biyanka ba," in ji Sanjar. "Ban taɓa yi maka musu ba. Amma yau ka yafe mini... ɗana ne. Ba zan tura shi inda na je ba."

 Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa.

Ata ya daɗe yana kallon hannun nan. Can ya ɗora nasa a kai ya danne, kamar zai tsayar da rawar da ƙarfin tsiya. Ba ta tsaya ba. Idon tsohon ya kaɗa ya yi ja.

"Nurtas, zauna," ya ce da ƙyar. "Kelin, surukata, sake zuba masa."

Na zuba. Wannan karon ban saki kwanon ba sai da na haɗa tafukansa biyu a kai, na rufe da nawa. Kuka yake, yana cewa mun kashe masa rayuwa, amma bai janye hannunsa ba.

A mota, kan hanyar kai takardar, Sanjar ya kasa kallona.

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

"Tsoro nake ji, Makpal. In ya sake faruwa fa? In wata rana na duba wayar ma ban gane ba?"

Na kamo hannun mai rawa na riƙe gam, ni ma tsoron ne fal cikina.

"Sai in gaya maka," na ce. "Makpal. Kullum da safe zan gaya maka, kafin ka tambaya."