Hayaƙin Da Ya Riga Ta Shiga Ƙirjinsa

Tsohuwar talabijin ɗin gidansu ce ta haɗa su. Ta daɗe da mutuwa, masu kwasar shara sun ƙi ɗauka, sai Baba ya ce Auta ta kai ta filin bayan kasuwa, inda ake farfasa matattun kayan wuta.

Can ta sami wani saurayi tsugune tsakanin tulin firji da batura, yana ƙona wayoyi don ya ciro jan ƙarfen ciki. Injiniya ake ce masa, ko da yake sakandare ma bai gama ba.

"Matsa baya, 'yan mata," in ji shi. "Hayaƙin nan ba na masu kyau ba ne."

"Kai kuma fa?"

"Ni ai mun saba, har gaisawa muke yi."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari mai tsawo. Auta ta koma gida tarin nan na yi mata amo a kunne, murmushin kuma ya ƙi barin idonta.

Daga nan duk abin da ya lalace a gida ita ce mai kaiwa: dutsen guga, fitilar caji, rediyon Baba. Har yayarta ta ce, "Saura mu ki kai masa ya kwance."

Saƙonninsa gajeru ne. "Fitilata, yau na wanke hannu har sabulu ya ƙare, baƙin ya ƙi fita. Za ki riƙe shi a haka?"

Ta mayar masa: "A haka na gan shi, Injiniyana, a haka nake so."

Da magana ta kai ga Baba, bai yi faɗa ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan.

"Auta, ba talaucinsa nake gudu ba. Kin taɓa ganin mai furfura a filin nan? Ga ɗan abokina mai kemis yana sonki. Ina so in aurar da ke, ba in kai ki takaba ba."

Ta san gaskiya ya faɗa.

Ana cikin haka Injiniya ya daina ɗaga waya. Sai saƙo guda: "Ki auri mai kemis. Na samu wata."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta tafi filin don ya faɗa mata baki da baki. Maigidansa ta tarar, ya ce ai yaron yana asibiti, jini ya fara tofarwa.

Ta same shi a gado ya rame, ya kau da kai.

"Ina wadda ka samu ɗin?"

"Ga ta nan a ƙirjina," ya ce a hankali. "Likita ya ce huhun ba zai koma daidai ba, kuma dalma ta shiga jinina. Haihuwa ma da wuya. Me zan ba ki, Fitilata?"

"Ban zo karɓar komai ba. Matsa in zauna."

Wata da watanni tana roƙon Baba, Mama na kuka, mai kemis ya gaji ya janye. Baba ya je asibitin da kansa, ya dawo bai ci abinci ba. Da safe ya kira ta.

"Kin san ba warkewa zai yi ba?"

"Na sani, Baba."

"To, ba zan hana ki ba. Ba kuma zan ce na ji daɗi ba."

Bayan an sallame shi daga asibiti, aka ɗaura auren ba taro. Ango ya bar ƙona waya, amma gudumar farfasa kaya tana nan tana jiransa a filin, don ba shi da wata sana'ar. Da suka durƙusa gaban Baba, tari ya sarƙe angon, Auta ta dafa masa baya har ya lafa.

Baba ya kama hannun nan mai baƙin farce ya ɗora a kan na 'yarsa.

"Allah ya ba ku tsawon…" Muryarsa ta karye. Ya share ido ya sake farawa. "Allah ya sa albarka a kwanakin da ya rubuta muku, komai yawansu."

"Amin, Baba," in ji Auta, ta ƙara damƙe hannun mijinta.